Ba A Tashi Akwai Mutum A Ƙasa

Bari in fara da wannan, don kada wani ya zaci na tsufa na koma makaranta. Bakin nawa ne, hannun na jikata ne. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa. In ta gyara mini magana zan sani, don sai ta karanta mini daga farko.

Ni mahaƙi ne. Ramin bututun ruwa, magudana, tushen gidan bene, babu wanda ban shiga da diga ba. Titin nan da kuke takawa da takalman ƙwalisa, ku bayansa kuka sani, ni na san cikinsa. Ƙasa ta taɓa haɗiye ni da raina, ta tauna ta ji ƙashi, ta tofar. Masu ba da labari suna cewa kwana biyu na yi. Ni da na kwanta a ciki na san ya fi haka, amma ba na musu da wanda yake sama yana shan iska.

Yanzu ina zaune a gidan ɗana, a ɗakin ƙasa kusa da matakala. Gadon ƙarfe, rediyo, taga mai kallon wurin masu faci, sai digata a bayan ƙofa da hular kwanona wadda ta lotse ta gefe ɗaya. Ɗan nawa akawu ne a ofishin inshora, mutumin da ke goge takalminsa kafin ya wanke fuska. Matarsa tela ce. 'Yarsu ta fari ita ce mai riƙe da alƙalamin nan. Gara nake ce mata, don duk takardar da ta shiga gidan sai ta cinye ta.

To, da aka yi dogon hutu, laburaren unguwa ya ƙirƙiro wata fitina wai gasar karatu. An manna babban allo a bango, sunayen yara a jere. Kowane littafi yaro ya gama ya mayar, malamar laburare ta yi masa 'yan tambayoyi ta liƙa masa tauraro. Wanda taurarinsa suka fi yawa ranar rufewa shi ne gwani. Ku ji fa, karatu da ƙidaya, kamar leburori na lodin bulo. Kuma saboda yawan yara, ba a ba ka sabo sai ka mayar da na hannunka.

Su littattafan kuwa, na matasa ake ce musu. Gara ta sha nuna mini bangonsu. Yaro ya sako gashi ya rufe ido ɗaya, yarinya ta riƙe takobi kamar mai riƙe da tsintsiya. A kowanne, yaran da ba su gama girma ba ne ke ceton duniya, manya duk sun mutu ko sun zama sakarkaru. Na ce, "Gara, ƙanenki ko silifas ɗinsa ba ya iya cetowa daga ƙarƙashin gado."

Ta ce, "Kaka, hassada ce kawai. Ba a saka tsofaffi a ciki ba shi ya sa."

Uban bai taɓa son wannan karatun ba. Tatsuniyar masu kuɗi yake ce masa. Ranar da ta zo da zancen gasa, ina ji daga ɗakina ya ce, "Na yarda. Tunda kin ce ke gwana ce, mu gani. In kin ci, ki ci gaba, ba zan ƙara magana ba. In ba ki ci ba, ki kawo mini katin laburaren nan da hannunki, yammarki ta koma darasin lissafi." Ita kuma da yake jinina ce, ba ta san ja da baya ba, ta ce ta ji. Katin nan kuwa, in ta rasa shi, kamar an toshe mata hanci ne. Da safe tana shagon uwarta tana ɗinka maɓalli, yamma kaɗai ce tata.

Ta fara da ƙarfi, ba a ko ganin ƙurarta. Mai bin ta a baya ɗan wani likita ne, siriri mai tabarau, shi ma Tabarau suke kiransa. Sai ga wata doka a cikin gasar, wai littafi ɗaya dole a karanta shi a bayyane ga wani babba a gida. Uban ba shi da lokaci, uwar keken ɗinki ya cika mata kunne. Wa ya rage? Ni.

Ta shigo da wani littafi mai kauri kamar bulo, ta dire a kan gadona.

"Wannan don kai na zaɓo, Tsoho. Yara ne ƙasa ta rufe a ramin jirgin ƙasa."

"Wanda ya rubuta, an taɓa rufe shi?"

Ta juya bayan littafin ta duba. "Mace ce. Wai tana zaune da kyanwoyinta biyu."

"To karanta mu sha dariya."

Mutum uku ne a ramin. Yarinya mai jan takalmi, saurayi mai tocila, da ƙanen yarinyar, ɗan ƙarami mai ciwon ƙirji. Ban taɓa jin wawaye irin manyan biyun nan ba. Rufi ya faɗo, sai suka hau ihu. Na ce tsaya.

"Ihu? Iskar ta ubansu ce? A ƙasa ba a ihu. Ƙarfe kake nema, bututu ko dogo, ka buga ka saurara."

"Kaka, bari in wuce."

"Shi kuma wannan mai tocilar, ya kunna ta yana kallon fuskar yarinya. Batir ɗin a bakin ƙofa ake sayarwa?"

"Tsoro take ji, yana kwantar mata da hankali."

"Da duhu ake kwantar da hankali. Duhu kyauta ne."

Haka muka riƙa yi kowace yamma. Ta karanta layi uku, in yi mata gyara goma. Ruwan gora ɗaya gare su, suka shanye rabi a zama guda. Ni maɓallin rigata na tsinke na sa a baki ina tsotsa don miyau ya taru. Can sai saurayin ya fara gaya wa yarinyar wai tun ranar farko a makaranta yake sonta. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Duk wanda ya ce maka ya tuna soyayya a ƙarƙashin ƙasa, bai taɓa wuce zurfin gwiwa ba. Abin da ke ranka shi ne ƙishi, da fitsari, da ƙafar da ka daina ji. Ƙaramin ne kaɗai mai hankali a cikinsu. Ya yi lamo a lungu, yana jan numfashi a hankali, ba ya ɓarnar komai. Na ce wannan da ya girma da na ɗauke shi aiki.

Muna tsakiyar littafin, rufin ya sake zubowa. Ya raba ƙaramin da manyan. Su suna wannan gefe, shi yana wancan, maganin shaƙarsa kuma yana aljihun yayarsa. A nan muka tsaya ran nan, don an kira ta ta ɗauko ƙanenta.

Washegari ta shigo fuska a murtuke. Ta biya laburare ta ga allon. Tabarau ya kamo ta, har ya wuce. Yaron ya gano dabara, siraran littattafai yake ɗauka, irin waɗanda iska ke iya kwashewa, ya gama ɗaya da safe ɗaya da yamma. Gara ta yi ƙorafi, malamar ta ce doka ba ta ambaci kauri ba, tauraro tauraro ne. Ita kuma tun da ta ɗauko bulon nan ko ɗaya ba ta ƙara ba.

"Kaka, zan mayar da wannan. Zan ɗauko wani ƙarami, na wani kare da ya ɓata, in karanta maka a zama ɗaya, a ba ni tauraron, in ci gaba."

Ta miƙa hannu. Na riga ta. Na ɗauki littafin na sa a ƙarƙashina na zauna.

"Tsoho, ba wasa nake ba."

"Ni na yi kama da mai wasa? Yaron nan yana ina?"

"Wane yaro?"

"Mai ciwon ƙirji."

"Yana cikin ramin mana."

"To ba a tashi akwai mutum a ƙasa."

Wannan doka ce ta mahaƙa, ba a rubuta ta ko'ina ba, shi ya sa ba ta lalace ba. Ko an busa tashi, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ko matarka ce ke naƙuda, in akwai mutum a ƙasa ba ka ajiye shebur. Da ransa ko babu, sai an fito da shi. Ranar da aka rufe ni, ɗan kwangila ya tsaya a bakin ramin ya ce babu motsi, a haƙura, a zuba ƙasa a wuce. Wanda ya ƙi shi ne wani da muke ce wa Gajere, mutumin da a safiyar ranar muka kusa fasa wa juna kai a kan shebur. Ba ya ƙaunata, ni ma haka. Shi dai ya ci gaba da haƙa, sauran suka bi. Ni ma ba kwance nake ina jira ba, rabin hanyar da faratana na tone ta. Da aka ja ni sama, kalmar da ya fara ce mini ita ce, "Ina sheburina?" Har ya mutu ba mu yi shiri ba. Ba so ba ne, doka ce.

Gara ta san labarin, ta ji shi har ta haddace. Ta buga ƙafa.

"Kaka, wannan ƙarya ce fa! Takarda ce! Babu wani yaro!"

"Ni za ki gaya wa ƙarya ce? Wa ya fara faɗa miki? Amma ke kika kawo su ɗakina, da bakinki kika zuba musu ƙasa, yanzu za ki tafi neman kare."

"Baba zai karɓe katina."

"Na ji lokacin da ya faɗa, ba kurma ba ne ni."

"Kai fa ba ka ma son littafin!"

"Gajere sona yake yi?"

Ta tsaya tana huci, idonta ya ciko. Ta san ba ta iya ɗaga ni, ubanta ma da ya gwada sai ya nemi taimako. Amma ni ban son a ce da nauyin gindi na ci yarinya. Na zaro littafin na ajiye tsakaninmu. Na ce, "Ga shi. In kin iya, ɗauka ki mayar. Amma kar ki kawo mini kare." Ta dubi littafin. Sai ta ja kujera da ƙarfi har ta yi ƙara, ta buɗe.

"To ka rufe bakinka. Kalma ɗaya ka ce, na tafi."

Na rufe. Ku tambayi duk wanda ya san ni ko an taɓa jin haka. Ina ji saurayin nan yana tone ɓaraguzai daga ƙasa maimakon daga sama, abin da ko sabon lebura ba ya yi, na cije leɓe na yi shiru. Sau ɗaya kawai na karya alkawarin. Wata yamma na ji ƙaramin yana shan ruwa, na ce, "Wa ya ba shi? Gorar tana wancan gefen." Ta sunkuyar da kai. Ashe shafuka ta haɗa ta tsallake, tana zaton tsoho na gyangyaɗi. Na ce, "Koma. Ba a tsallake ƙasa, kwashe ta ake yi." Ta koma, tana zagina a ciki, ina jin zagin a muryarta. Ashe yaron bututu ya samu yana ɗiga, har ya yi hankalin buga shi da dutse. Na ce ba na faɗa ba?

Ta karanta har muryarta ta dushe, uwar ta riƙa aiko mata da ruwan zafi. Muka gama ana gobe rufe gasa. An fito da yaron da ransa. Ba zan ce na ji komai ba, ƙura ce ta shigo ta taga daga wurin masu faci. Ƙarshen kuwa shirme ne tsantsa. Sun fito haƙora fari tas, manyan biyu suna riƙe hannu, jama'a na tafi. Ni da aka fito da ni, ko uwata sai da ta duba sau biyu.

Da safe ta mayar, aka liƙa mata tauraro ɗaya. Ɗaya tak, daidai da na kare.

Na je bikin rufewar, da hular kwanona a kai. Aka jera kujerun roba, aka kira Tabarau, aka ba shi kofi mai sheƙi wanda ko ruwa ba ya riƙewa. Uwarsa na ɗaukar hoto kamar ya dawo daga yaƙi. Na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Kai gwani, na ƙarshen da ka karanta, me ke ciki?" Ya amsa tiryan-tiryan, ba zan yi masa ƙarya ba, yaron ya karanta. Kare ne ya ɓata aka gan shi. To madalla. Allah ya ƙara karnuka.

A gida ba a ma jira uban ya tambaya ba. Gara ta ciro katin ta ajiye masa a kan tebur, kusa da makullan motarsa. Ya ɗauka ya sa a aljihun gaba, ya ce darasi zai fara ranar Litinin. Ba ta yi kuka ba. Da ta kawo mini shayi ta dire kofin ta juya, ko Tsoho ba ta ce ba. Surukata ta leƙo ta ce, "Baba, ka ga abin da taurin kanka ya jawo wa yarinya?" Na ce, "Koma kan kekenki, ban gama aiki ba."

Don ban gama ba. Yanzu ita ce a ƙasa, kuma kowa ya ga wanda ke tsaye a bakin ramin.

Gari na wayewa na ɗauki sandata na tafi laburare. Malamar na zaune bayan kanta, an sauke allon, tana ɓanɓare taurari daga jikinsa. Na ce kati nake so.

"Na wa, Baba?"

"Kin ga wani a bayana?"

Ta yi ɗan murmushi irin na masu takarda. "Baba, kana karatu ne?"

"Dokarku ta ce sai mai karatu?"

Ta duba, ta ce a'a, duk mazaunin unguwa ne.

"Ita dokar da ba ta ambaci kauri ba, ashe ba ta ambaci jahili ba ma. Kawo in dangwala."

Na dangwala babban yatsa. Sai take gaya mini katin manya ba irin na yara ba ne, ana ɗaukar littattafai da yawa a lokaci guda. Na ce ta kai ni wurin na matasan. Na bi kanta-kanta ina ɗagawa ina aunawa a tafin hannu, duk wanda bai kai nauyin rabin bulo ba na mayar. Na cika jaka na dawo.

Da yamma ɗan nawa ya dawo daga ofis ya tarar da su jere a kan gadona, Gara na tsaye a bakin ƙofa, ta kasa shiga ta kasa tafiya.

"Baba, mene ne wannan?"

"Littattafaina."

"Baba, na hana ta. Kana ji muka yi alkawari."

"Katinta ka karɓe, 'yarka ce, ban sa baki ba. Wannan nawa ne, ga yatsana a jiki. Karɓe in gani."

"Amma ai ba ka..." Sai ya haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana. Ban iya karatu ba. Da digar can na biya aka koya maka, don wata rana a karanta mini. Ranar ta zo. Kai za ka baro ofis ka zauna nan kowace yamma, ko ka ba ni aron 'yarka?"

Ya dubi littattafan, ya dubi kaurinsu. Akawu ne, ya iya lissafin asara. Ya ce darasin lissafi dai ba fashi. Na ce wa ya hana, ta je ta dawo, ni ba inda za ni. Ya hau matakala yana gunaguni, a hankali yadda ba zan ji ba, don ya san ni.

Gara ta shigo ta ɗaga na sama, ta juya shi, ta shinshina kamar yadda ta saba.

"Tsoho, wannan kashi na uku ne. Ina na ɗaya da na biyu?"

"Wa ya ce su raba? Gobe ki raka ni ki nuna."

"Kuma ba ka rufe baki, na sani."

"Alkawarin na wancan littafin ne, ya ƙare da shi."

Katinta har yau yana aljihun uban, nawa yana cikin hular kwano. An ce baɗi ma za a yi gasar. Su yi ta liƙa taurarinsu, bango ne zai sha wahala. Mu yanzu muna kan wani na yara uku da jirgin ruwansu ya kife. Ban taɓa ganin teku ba, amma ko daga nan na san ba haka ake yi ba, ɗayansu har wanka yake da ruwan sha. Gara, ajiye alƙalamin nan haka, ɗauko littafin. Tun jiya muka bar wawayen a kan katako.